Kafin ka danna layik a bidiyon ƙarƙashin teku: labarin murjanin Bahar Maliya

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum sanye da baƙaƙen kaya masu kama jiki, tukunyar iska goye a bayansa, yana shawagi cikin ruwa shuɗi garau, kifaye ja da rawaya suna kewaya shi kamar kajin da aka watsa wa tsaba. A ƙarƙashinsa kuma ga wasu abubuwa masu kama da duwatsu, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani kamar faifai. Yawancinmu layik muke dannawa, mu rubuta "Allah Ya kai mu", mu wuce gaba.

To ɗan tsaya tukuna. Waɗancan abubuwan da kake ɗauka duwatsu ne, dabbobi ne masu rai. Sunansu murjani, kuma suna mutuwa a sassan duniya da saurin da ya tayar wa masana hankali. Ɗaya daga cikin wuraren da ake sa ran za su fi daɗewa a raye shi ne tekun nan da kakanninmu suka riƙa tsallakewa zuwa aikin Hajji, wato Bahar Maliya. Sai dai a can ɗin ma, daɗewarsu ta dogara ne ga halin mutane: mai nutso, mai jirgi, mai otal, mai yaƙi, har ma da mai kallo ta waya irina da irinka.

Dutse ne ko dabba?

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Daga Larabci muka aro ta, kuma wataƙila kakarki tana da jan murjani a adakarta har yanzu. Wancan na ado, akasari daga Bahar Rum ake ciro shi. Ɗan'uwansa da muke magana a kai shi ne magini. Wata 'yar mitsitsiyar dabba ce mai taushin jiki, wani lokacin ba ta fi ƙwayar dawa ba, da baki a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana zuƙo sinadari daga ruwan teku ta gina wa kanta gida mai tauri irin na alli. Idan ta mutu, 'ya'yanta su ɗora nasu ginin a kan nata. A haka, cikin dubban shekaru, ake samun tudu guda a ƙarƙashin ruwa. Mafi girma a duniya yana gaɓar Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

Ginin kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Nau'in da ke dunƙule kamar dutse ba ya wuce santimita 2 a shekara, mai rassa kuma yakan kai santimita 10. Ke nan reshen da mutum zai karya da ƙafa ɗaya yana gyara tsayuwar hoto, zai iya zama aikin shekaru da dama.

Ga wani abin mamakin kuma: launin nan mai ɗaukar ido, yawancinsa na aro ne. A cikin jikin dabbar akwai wata irin gansakuka da ido ba ya iya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci, ta ba maigidan kusan kashi 90 cikin 100 na abin da yake buƙata, shi kuma ya ba ta masauki. Shi ya sa murjani ke son ruwa mai ɗumi, marar zurfi, wanda rana ke ratsawa. Shi ya sa kuma ba za ka ga irin wannan tudu a gaɓar Legas ko Fatakwal ba. Kogin Neja da sauran koguna suna kwararo da laka da ruwan daɗi cikin tekun, ruwan ya yi duhu, maginin ba ya samun yadda yake so.

Duk tudun murjanin duniya bai rufe kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci da mafaka. Ɗaruruwan miliyoyin mutane kuma da shi suka dogara, wasu ta kamun kifi, wasu ta baƙi masu yawon buɗe ido, wasu kuma shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajensu.

Yadda ake shiga

Nutson da kake gani a bidiyo sunansa sukuba. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, su suka ƙera na'urar numfashin da ta buɗe wa talakan mai nutso hanya a 1943. Tukunyar da ake goyawa, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse a ciki.

Ruwa dai ba wurin wasa ba ne. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya baki ɗaya. Saboda haka dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, domin iskar da ke huhunka faɗaɗa take yi yayin da kake tasowa, tana iya yi maka mummunar illa. Doka ta biyu, a hankali ake tasowa, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5 domin iskar naitirojin da ta taru a jiki ta fita. Bayan nutso da yawa, sai an jira aƙalla awa 18 kafin a hau jirgin sama. Kuma ba a shiga shi kaɗai, sai da abokin tafiya.

Kwas ɗin farko yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4. Kafin a ba ka takardar shaida, sai ka yi ninkayar mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10. Takardar za ta ba ka damar sauka mita 18, iyakar masu yi don nishaɗi kuwa mita 40 ce. Wanda ya ce zai sauka da kai can ƙasa ba tare da horo ba don kawai ka samu hoto, gudu za ka yi, malam.

Daga Sawakin zuwa Ras Muhammad

Tun kafin zuwan jirgin sama, alhazai daga ƙasar Hausa da Borno a ƙasa suke tafiya, su ratsa Chadi da Sudan, wasu su shafe shekaru a hanya suna noma da ƙodago, har su isa Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa ba su koma gida ba, jikokinsu na cikin Hausawan Sudan na yau. Tsohon garin Sawakin da dutsen murjani aka gina shi. Haka ma tsofaffin benayen unguwar Balad ta Jidda. Ka ga ke nan mutanenmu sun kwana a inuwar murjani tun ba a san kyamara ba.

Tekun yana ɗauke da nau'in kifi fiye da 1,000, wasunsu babu su a ko'ina sai nan. A ɓangaren Sudan, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, akwai Sanganeb, wani zoben murjani da ya taso daga zurfin teku, da doguwar hasumiyar haska wa jirage hanya a kansa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya, tare da mashigin Dungonab da tsibirin Mukkawar, inda ake samun kunkurun teku da manyan kifayen shak da wata dabba mai shayarwa da ke kiwon ciyawar teku, dugon.

Kusa da tashar Fot Sudan kuma akwai Umbria, jirgin Italiya da ke kwance a gefensa. A watan Yunin 1940 sojojin ruwan Birtaniya suka tsare shi ɗauke da bama-bamai kusan 360,000. Da kyaftin ɗin ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya sa aka nutsar da jirgin da gangan don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Yau murjani ya lulluɓe shi, kifaye na shiga da fita ta tagoginsa. Arewa da nan, a Sha'ab Rumi, Cousteau ya kafa wani ɗan ƙauye a zurfin mita 10 a 1963, mutanensa suka zauna ciki wata guda cur. Ragowar ginin na nan har yanzu.

A Masar ne harkar ta fi bunƙasa. Ras Muhammad, a ƙarshen kudancin Sina'i, shi ne gandun ƙasa na farko da Masar ta killace, a 1983. Ba nisa da shi akwai Thistlegorm, jirgin Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, babura da manyan motoci na jere a cikinsa har gobe. A Dahab kuma akwai wani rami mai zurfin sama da mita 100 da ya ci rayukan masu nutso da yawa, galibi waɗanda suka zarce iyakar horonsu. Wannan ɓangaren ba ya cika fitowa a bidiyo.

Zazzaɓin teku

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Zaman tare tsakanin murjani da gansakukarsa ba ya jure zafi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba a lokacin bazara da digiri 1 kacal a ma'aunin Salshiyas, aka yi kamar mako huɗu a haka, sai murjanin ya kori baƙuwar tasa. Launi ya tafi, ya koma fari fat kamar ƙashi. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ke cinsa. Idan ruwan ya huce da wuri yakan farfaɗo, idan zafin ya ɗore kuma, shi ke nan.

Sau huɗu aka tabbatar da irin wannan koɗewar ta game duniya: 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, sai ta huɗun da hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar a Afrilun 2024. Daga farkon 2023 zuwa Maris ɗin 2025, kusan kashi 84 cikin 100 na yankunan murjanin duniya sun fuskanci zafin da ke iya jawo ta. Tun kafin nan ma, tsakanin 2009 da 2018, duniya ta yi asarar kusan kashi 14 cikin 100 na murjaninta. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi gargaɗi a 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Idan ta kai digiri 2, abin da zai saura bai kai kashi 1 ba.

Wannan zafin ba baƙo ba ne gare mu. Hayaƙin mai da gawayi da iskar gas da ke ɗumama teku, shi ne dai ke rikita mana damina, yau fari gobe ambaliya. Ciwon ɗaya ne, wurin da ya fito ne ya bambanta.

Murjanin da ya sha wuya tun fil azal

A can ƙuryar arewacin Bahar Maliya, a mashigin Aƙaba da Masar da Isra'ila da Jodan da Saudiyya suka kewaye, masana sun gano wani abu. Sun ɗebo murjanin wurin suka sa a tankunan gwaji, suka ɗaga zafin ruwan da digiri 5 sama da wanda ya saba, amma bai koɗe ba.

Bayanin da suka bayar shi ne, a zamanin ƙanƙara na ƙarshe ruwan teku ya ja baya sosai, Bahar Maliya ta yi gishirin da ya kashe yawancin halittunta. Da ruwa ya dawo, sabon iri ya shigo daga kudu ta mashigin Babul Mandab, inda ruwan ke da tsananin zafi. Wanda ya iya jure wannan wutar ne kaɗai ya tsallake. Jikokinsa suka yi ta matsawa arewa har suka zauna a ruwa mai sanyi-sanyi, da juriyar kakanninsu a jiki. Saboda haka ake ganin wannan yanki zai iya zama rumbun iri, wurin da murjani zai saura bayan na wasu tekunan ya ƙare.

Kada ka ɗauka duka tekun haka yake fa. Tsakiyarsa da kudancinsa sun koɗe a 2010 da 2015. Na arewan ma, juriyar zafi ce kawai gare shi. Ba shi da maganin anga, ko ɗanyen mai, ko ƙafar ɗan Adam.

Abin da ke kashe shi daga kusa

Fara da anga. Jirgi ɗaya ya jefa ta a kan tudu, ta ja ƙasa, an yi ɓarnar da za a shekara goma ba a gyara ba. A Hurgada, masu sana'ar nutso da kansu suka kafa ƙungiyar HEPCA a 1992, suka riƙa kafa turakun ɗaure jirgi a ƙasan teku, sun kafa sama da 1,000, don kada kowa ya sake jefa anga. A 2019 kuma lardin Bahar Maliya na Masar ya haramta leda da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar.

Sai ƙafa da hannu. Wani bincike da aka wallafa a 1997, wanda aka yi a Ras Muhammad, ya nuna cewa ɗan gajeren bayani kafin a shiga ruwa ya rage yawan taɓa murjani da fiye da rabi. Wato yawancin masu ɓarnar ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne.

Sai yaƙi. A gaɓar Yaman, wani tsohon jirgin ajiyar mai, Safer, ya zauna tun 2015 ba gyara, da gangar ɗanyen mai sama da miliyan 1 a cikinsa, kowa na fargabar ranar da zai fashe. Sai a Agustan 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala kwashe man. Ba a gama ajiyar zuciya ba, a Maris ɗin 2024 jirgin Rubymar da 'yan Huthi suka harba ya nutse da takin zamani tan 21,000. Taki abinci ne ga ganyen teku, idan ya yi yawa sai ganyen ya shaƙe murjani. A Sudan kuwa, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da yawancin jiragen masu nutso. Ƙasar da mutane ke gudun ceton rai, wa zai tsaya gadin Sanganeb? Matasan da ke cin abinci a harkar ma sun rasa abin yi.

Akwai kuma annoba. A farkon 2023 wata cuta ta kashe baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a mashigin Aƙaba cikin 'yan makonni. Ita ce mai sharar gidan, ita ke cinye ganyen da ke neman rufe murjani. Irin haka ta faru a tekun Karibiyan a 1983, ganye ya mamaye wurare da dama, har yau wasu ba su dawo daidai ba.

Ina ruwan mai waya?

Da ruwanka, sosai ma. Dubi abin da ya faru a mashigin Maya na ƙasar Tailan. Wani fim na Leonardo DiCaprio da ya fito a 2000 ya tallata wurin, daga baya hotunan soshiyal midiya suka ƙara masa wuta, har dubban mutane suka riƙa zuwa kullum a jirage masu gudu. Murjanin ya lalace. A Yunin 2018 hukuma ta rufe wurin, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022, da sharaɗin ba ninkaya, kuma jirgi ba zai shiga cikin mashigin ba. Cikin wannan hutun ƙananan kifayen shak suka dawo.

Mai ɗaukar bidiyo abin da ke kawo masa mabiya yake maimaitawa. Idan ya tsaya a kan murjani, ko ya riƙe kunkuru, ko ya ɗaga tauraron teku sama da ruwa, muka cika shi da layik, gobe mutum ɗari za su kwaikwaya. Don haka ka riƙa lura. Mai nutson kirki hannuwansa a naɗe suke, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, ba ya ciyar da kifi, ba ya bin dabba da gudu. Ka ga akasin haka, kada ka yaɗa. In za ka yi magana, yi ta cikin ladabi, da hujja, domin mai yiwuwa shi ma bai san dabba yake takawa ba.

Idan kuma Allah Ya hore maka tafiya, ko karatu ya kai ka Alƙahira ko Jidda, tambayi masu jirgin ko a turke suke ɗaurewa ko anga suke jefawa. Tambayi takardar shaidar mai koyarwa, ka duba rigunan ceto kafin a tashi. Kada ka sayi guntun murjani ko ƙwanson teku a matsayin tsaraba, a Masar ma doka ta hana ɗauka. Maimakon shafe jiki da man kariyar rana, sa riga mai dogon hannu, domin akwai sinadaran da ke wasu mayukan da Palau da jihar Hawai ta Amurka suka haramta saboda murjani. 'Yar'uwa, ke ma wannan harka ba ta fi ƙarfinki ba, kayan nutso na rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai hular da ke rufe kai, kuma akwai mata masu koyarwa.

Ga masu karatun kimiyyar halittu ko muhalli, akwai ƙofa. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, ta yi fice a binciken Bahar Maliya, kuma tana ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashe daban-daban. Mu 'yan aikin jarida kuma, labarin teku a harshen Hausa fili ne da kusan ba a fara nomawa ba. Amma kafin komai, nemi wurin da akwai mai koyarwa ka koyi ninkaya. Ko ba ka taɓa ganin Sanganeb ba, ilimi ne da ke ceton rai a ƙasar da kwale-kwale ke kifewa duk damina.

In kuma wata rana ka samu kanka a Jidda bayan Umara, ɗan ware awa ɗaya ka shiga unguwar Balad. Matsa kusa da bangon tsohon gida inda shafe ya ɓare, ka duba da kyau. Za ka ga 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma, kowanne ɗakin wata dabba ce da ta rayu a tekun da ke bayanka.